Ido ne ya samu matsala, to me ya kawo mai gyaran magana makarantar makafi?

Duk lokacin da aka ce makarantar yara masu lalurar gani tana buƙatar ƙwararren mai gyaran magana, amsar da za ka fara ji ita ce, to ai ido ne ya samu matsala ba baki ba, kunnensu ras yake, wasu ma sun fi masu ido surutu, in ka biya musu karatu sau biyu sun haddace, me za a gyara? Kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar turewa. Mu da muka tashi muna ganin makafi mahaddata Alƙur'ani, muka san irin su marigayi Malam Aliyu Namangi na Zariya wanda har yau malaman jami'a ke zama suna nazarin Hausarsa, ba wanda zai zo ya ce mana makanta tana hana mutum fasahar harshe. Ba ta hanawa. Yawancin yaran da makanta ce kaɗai lalurarsu, in dai sun samu gidan da ake hira da su ana jan su a jiki, zuwa lokacin shiga firamare maganarsu ta kamo ta sauran yara. Na fara da wannan ne don kar wata uwa ta karanta ta tayar da hankalinta a banza.

Sai dai hanyar da suke bi su kai can ɗin daban take da ta yaro mai gani, kuma akwai wuraren da ake maƙalewa a hanyar, in ba a samu wanda ya san wuraren ba sai yaro ya girma ana ta yabonsa da hadda alhali ba ya iya buɗe baki ya ce cikinsa na ciwo ko wani ya zalunce shi a ɗakin kwana.

Mutane ba su cika lura da yawan aikin da ido ke yi wajen koyon magana ba. Jariri yana goye ko yana zaune a cinya, kaza ta wuce, ya bi ta da ido, uwar ta ga inda yake kallo ta ce "ka ga kaza? kaza ce", shikenan kalma ta haɗu da abinta. Wannan yana faruwa sau ba adadi a yini ba tare da wani ya zauna ya shirya darasi ba. Shi kuwa jaririn da ba ya gani ya ji kukan kazar, ya ji an ce kaza, ya ji ƙarar turmi da rediyon maƙwabta duk a lokaci guda, babu abin da zai gaya masa wanne sauti ne na wanne. Selma Fraiberg, wadda ta yi shekaru a Amurka tana bibiyar jarirai makafi ta kuma fitar da sakamakon aikin a 1977, ta lura cewa jariri mai gani yana miƙa hannu ya kamo abin da ya gani tun yana wata 4 zuwa 5, amma makaho ba ya miƙa hannu wajen abin da ya ji ƙararsa kawai sai wajen wata 10 zuwa 11, saboda sai ƙwaƙwalwarsa ta fara gane cewa wannan ƙarar tana da jiki, akwai abin da za a iya kamawa a bayanta. Akwai kuma wani abu da ta gani wanda ni ya fi taɓa min zuciya. In uwa ta matso kusa, jariri makaho sau da yawa ba ya wuntsila ƙafa yana dariya kamar sauran, sai ya yi tsit, don saurare yake yi da duk jikinsa. Uwar kuma sai ta ɗauka bai damu da ita ba, ko a ce ai yaron nan ba shi da rigima, a shimfiɗe shi a ɗaki a tafi aiki. Murnarsa da neman da yake yi a yatsunsa suke, suna motsi suna lalube, shi ya sa ta riƙa koya wa iyaye su bar jiran fuska su riƙa kallon hannu.

Hatta furta haruffa da ido a ciki. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka nuna cewa in aka sa maka sautin "ba" a kunne amma kana kallon bakin da ke cewa "ga", yawancin mutane "da" suke ji, wato ido yana shiga cikin abin da kunne ke ji ba mu sani ba. Daga baya Anne Mills ta yi nazarin yara makafi masu koyon Jamusanci ta ga sautukan da ake ganinsu a leɓe, irin su b da m da f, waɗanda yaro mai gani ke saurin kamawa don yana ganin leɓe na haɗuwa, su makafin sun fi jinkiri a kansu kuma irin kuren da suke yi daban ne, misali musanya m da n, tunda a kunne kusan ɗaya suke, a ido ne suka yi nisa da juna. Wannan yawanci yana warwarewa da kansa, in bai warware ba gyaransa ba wuya, a maimakon madubin da ake sa wa yaro mai gani sai mai gyaran magana ya ɗora yatsun yaron a leɓensa da maƙogwaronsa da gefen hancinsa ya ji inda iska ke fita da inda ke rawa. Karin sauti da tsawon wasali kuwa, waɗanda Hausa ta dogara da su sosai, aikin kunne ne zalla, nan ba su da wata matsala.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne ma'ana. Tun farkon shekarun 1930 wani masanin halayyar ɗan Adam, Thomas Cutsforth, wanda shi kansa makaho ne, ya yi ƙorafin cewa makarantun makafi suna cika wa yara baki da kalmomin masu gani, yaro ya ce maka jini ja ne, ciyawa koriya shar, wata ya haska, amma in ka ce to kai me ka sani game da jini, ɗuminsa, danƙonsa, ƙarninsa, sai ya yi shiru don ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan. Ya zama kamar ɗan aiken da aka ba saƙo a ƙunshe, zai kai shi lafiya lau amma bai san me ke ciki ba. Masu bincike na baya sun ce Cutsforth ya ɗan wuce gona da iri, kuma ina ganin suna da hujja. Barbara Landau da Lila Gleitman a 1985 sun ba da labarin wata yarinya da ta makance tun tana jaririya, suna kiranta Kelli, in aka ce mata ta duba sama sai ta ɗaga hannuwanta sama kanta yana nan inda yake, alhali yara masu gani ko ka ɗaure musu ido da ƙyalle kansu suke ɗagawa. Ita a wajenta dubawa shi ne bincika abu da hannu, kuma ta bambanta shi da taɓawa kawai, da ta ƙara girma kuma ta gane cewa masu ido suna gani daga nesa ba sai sun taɓa ba. Wato yarinyar ba aku ba ce, ta gina ma'ana da abin da take da shi. To kar a hana yaro makaho cewa ja ko fari ko "na gani", harshensa ne shi ma, cikin masu gani zai rayu. Abin da ake so shi ne kalmomin da za a iya sa masa a hannu a sa masa su a hannu.

Ɗauki ƙwai. Yaro ɗan shekara 7 da ba ya gani tun haihuwa ya san dafaffen ƙwai da aka ɓare aka miƙo masa, ya san wainar ƙwai cikin biredi, amma mai yiwuwa bai taɓa riƙe ɗanyen ƙwai da ɓawonsa ba don kullum ana tsoron kar ya fasa, bai san abu ɗaya ne ba, bai san daga jikin kaza ya fito ba, kazar ma kukanta kawai ya sani. Abinci a wajensa daga sama yake sauka a gabansa a kwano. Mai gyaran magana da ya san aikinsa ba a ofis zai zauna da wannan yaron ba, kicin ɗin makaranta zai kai shi, ya sa hannunsa a ƙarƙashin na yaron, ba ya damƙi hannun yaron ya cusa a abu ba, don hannun nan shi ne idonsa, kuma yaran da aka saba fizgar musu hannu ana dangwala musu abin da ba su sani ba daga baya sai su ƙi taɓa komai. Su taɓa ƙwan tare, sanyinsa da sulɓinsa, ya girgiza shi a kunne, su fasa, ruwan ya zubo masa a yatsu, ya ji yauƙi, ya ji ɓawon yana ruɓushewa, a zuba a mai ya ji "cuuu" ya ji ƙamshi ya canza, sannan ya ci. A zama ɗaya ya samu fasa, zuba, kaɗa, soya, ɗanye, dafaffe, ciki, waje, kafin, bayan, kuma gobe in ka ce ya ba ƙanensa labarin yadda aka yi yana da abin faɗa a jere, wanda shi ne tushen iya ba da labari da kuma rubuta insha'i nan gaba. Akuyar roba da ake sayowa a kanti ba ta da amfani a nan, a hannu ita da motar roba duk roba ce, ba ta da gashi ba ta da wari ba ta motsi, sai yaron ya taɓa ta gaske da ke ɗaure a bayan kicin tukuna sannan ta robar za ta zama wani abu.

Sai maimaita magana. Wannan duk wanda ya zauna da ƙananan yara makafi ya san shi. Yarinya tana jin ƙishirwa sai ta zo ta ce "kina son ruwa?", da irin muryar da mamanta ke faɗa, saboda duk lokacin da ruwa ya zo bakinta wannan jimlar ce ta riga shi zuwa, sai ta ɗauke ta dunƙule guda a matsayin sunan neman ruwa. Fraiberg ta rubuta jinkirin da wasu yaran ke yi kafin su daidaita "ni" da "kai", Miguel Pérez-Pereira a Sifen kuma ya nuna ba duka ke yin hakan ba, kuma kwaikwayon dogayen jimloli hanya ce ta koyo, yaro ya haɗiye su dunƙule daga baya ya riƙa warware su. Don haka ba abin duka ba ne ko tsawa. Amma in ta kai shekara 6, 7 tana nan a kai, ana buƙatar dabara, kuma dabarar ba ita ce "ki ce ina son ruwa" ba, don abin da za ta mayar maka shi ne "ki ce ina son ruwa". Mutum biyu ake sawa. Ɗaya ta zauna a bayanta ta zama muryarta, ta ɗora hannun yarinyar a ƙirjinta ta ce "Anti, ina son ruwa", ta gaban kuma ta amsa "to ga shi, ungo" ta miƙo kofi nan take, a yi ta yi a abinci, a lilo, a wanka, ta bayan tana rage murya a hankali har ta bar mata wajen. Hausa kuma ta ƙara da nata, akwai ka da ki, kai da ke, yaro mai gani ya ga ɗankwali ya ga hula ya raba, shi kuwa da murya kaɗai zai raba, muryar ƙaramin yaro namiji da ta mace kuwa ba su da nisa.

Haka nan kalmomin nuni. Ku saurari yadda muke magana a gida, "ɗauko min wancan", "ajiye shi can", "matsa nan", rabin maganar a baki rabi a yatsa, wani lokacin ma da leɓe ko haɓa ake nunin. Malami ya tsaya a aji ya ce wannan ya fi wancan girma, yaron da ba ya gani bai samu komai ba. Babban ɓangaren aikin mai gyaran magana a irin wannan makaranta gyaran maganar manya ne, a koya musu cewa "kofin yana hannun damanka kusa da kwano", a kira sunan yaro kafin a yi masa magana don ya san da shi ake, in za a fita daga ɗaki a faɗa masa kar a bar shi yana hira da bango. Yawan tambayoyin nan da wasu yaran ke jerowa, Malam ina za ka, Malam me ka riƙe, Malam yaya sunan ƙanenka, ba tare da sun jira amsa ba, sau da yawa ba amsar suke so ba, so suke su tabbatar kana nan ba ka sulale ba. A 1984 Linda Kekelis da Elaine Andersen sun lura cewa iyayen yara makafi sun fi yawan ba su umarni da gaya musu sunayen abubuwa, bayanin abin da ke faruwa a kewaye kuwa kaɗan ne, alhali shi yaron ya fi buƙata.

A nan al'adarmu ta ba mu kayan aiki kyauta in mun lura. Sallama in za ka shiga da sai an jima in za ka fita, daidai abin da makaho ke buƙata kenan. Gaisuwarmu mai tsawo, ina kwana lafiya lau, ina gajiya ba gajiya, ina labari sai alheri, darasi ne na karɓa-karɓa wanda amsar ba irin tambayar ba ce, ga yaro mai maimaita magana wannan babbar mataka ce. Ga ta nan ga ta nanku, ta zo mu ji ta. Waƙar gaɗa da amshi da tafi. Goyo kansa, yaro yana manne a baya yana jin muryar uwar tana ratsa jikinta yana jin ta sunkuya ta miƙe, in ta riƙa faɗa masa abin da take yi, yanzu zan ɗebi ruwa, ka ji guga ta faɗa rijiya, an gama rabin aiki. Amma akwai abubuwan ladabi da ido kaɗai ke koya wa yaro, bai taɓa ganin an durƙusa an gaida babba ba, bai ga ana karɓar abu da hannu biyu ba, bai san ana gyaɗa kai ko maƙe kafaɗa ba, bai san mutumin yana dab da shi ba har yake ɗaga murya, sai a ce ba shi da kunya, alhali ba a taɓa nuna masa a jikinsa ba. Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow a 1998 sun nuna yaran da aka haifa makafi suna motsa hannu in suna bayani ko da wanda suke yi wa maganar shi ma makaho ne, wato wannan daga ciki yake fitowa, amma alamomin da jama'a suka yi ittifaƙi a kansu dole sai an koyar.

Duk wannan fa a kan yaron da ido ne kaɗai matsalarsa. Kuma ko a cikinsu sai an raba, wanda ƙyanda ko ƙarancin sinadarin bitamin A ya sa masa hakiya yana shekara 4 ya riga ya ga duniya ya kama magana, lissafinsa daban da wanda aka haifa a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A ɗin nan, irin waɗannan in sun rayu yawanci harshensu lafiya lau. Masu tsananin buƙatar su ne waɗanda abin da ya taɓa idon ya taɓa wani wajen. Rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, in ta kama mai ciki a watannin farko tana iya haɗa wa jariri yanar ido da kurumta da ciwon zuciya. Sanƙarau, wanda mu a yankin nan mun san shi duk bazara, yana iya tafiya da ji da gani tare. Bakwaini, jaririn da ya sha wahalar haihuwa bai yi kuka da wuri ba, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗannan idon ma wani lokacin lafiyarsa ƙalau, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke fassara gani ne ya samu rauni, kuma a ƙasashe masu arziki yanzu wannan ne kan gaba wajen jawo lalurar gani ga yara. Shi ya sa a Ingila da Amurka makarantun makafi na musamman suka cika da yara masu lalura fiye da ɗaya, masu makanta kaɗai yawanci sun koma makarantun kowa da kowa. A Landan, Hilary Cass da Patricia Sonksen da Helen McConachie sun ba da rahoto a 1994 cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran da suka bibiya waɗanda ba sa gani sam, bayan sun fara tasowa daidai, sai suka tsaya cak ko suka koma baya a tsakanin shekara ta biyu da ta uku. Ga kuma ruɗanin otizim, wanda wasu ke kira galahanga, domin jijjiga jiki da danna ido da maimaita magana ana ganinsu a duka biyun, akwai makafin da suke da shi da gaske, akwai kuma waɗanda zaman ɗaki ne shekara da shekaru ba mai kula su ya mayar da su haka, raba waɗannan biyun ba aikin zama ɗaya ba ne, kuma ina jin takaicin yadda ake saurin yanke wa yaro hukunci a ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja.

Yaron da bai fara magana ba sam, in mai gani ne ana ba shi hotuna ya nuna ko a koya masa maganar hannu irin ta kurame, to duka biyun da ido ake yinsu. Nan sai a koma ga abubuwa na gaske su zama kalmomi. Kofinsa na sha yana nufin ruwa, cokali abinci, soso wanka, buta bayi, ɗan guntun igiyar lilo wasa. Kafin a kai shi ko'ina a fara sa masa abin a hannu, kullum abu ɗaya ba canji, har ranar da shi da kansa zai lalubo kofin ya miƙo, ranar ya yi magana kenan ko da bai furta komai ba. Jan van Dijk a Holan, wanda ya yi aiki da yaran da rubela ta bari ba ji ba gani, shi ya shahara da jera irin waɗannan abubuwan a akwati mai gida-gida daga hagu zuwa dama, yaro ya shafa ya san me ke tafe bayan me, wanda aka gama a rufe gidansa. Yawancin ihu da cizon hannu da buga kai da ake gani a wajen irin waɗannan yaran yana raguwa in suka san abin da zai same su a gaba, ka tuna shi fa yaron ɗaukarsa kawai ake yi cak a tsoma a ruwa ba sanarwa. Ga masu ji kaɗan da gani kaɗan akwai maganar hannu da ake yi a cikin tafin yaro ko a jikinsa, akwai kuma tsohuwar hanyar Tadoma da makarantar Perkins ta Amurka, wadda aka kafa a 1829, ta yi amfani da ita sosai, babban yatsa a leɓen mai magana sauran a muƙamuƙi da maƙogwaro, yanzu ba a cika yinta ba don tana da wahala ƙwarai.

Cin abinci ma yana cikin aikin, mutane da yawa ba su san wannan ba. Gaɓoɓin magana su ne na tauna da haɗiya. Yaron da bai ga cokali na tahowa ba, bai taɓa ganin wani yana tauna ba, yana iya kai shekara 5 ba ya karɓar komai sai koko da shayi, mai shanyewar gaɓoɓi kuma yana iya shaƙewa abinci ya riƙa bi ta hanyar iska ya jawo masa ciwon huhu a kai a kai.

Matsalar gwaji kuma ta kowa ce a duniya amma tamu ninki biyu ce. Shahararrun gwaje-gwajen harshe irin su Peabody hotuna ne, a ce wa yaro nuna min kaza cikin hotuna 4, ga makaho wannan ba gwaji ba ne. Akwai waɗanda aka tsara don su, kamar ma'aunin Reynell da Zinkin na Ingila da Oregon Project na Amurka, amma da Turanci suke da kayan gidan Turawa. Yaron da ya zo daga ƙauye da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci aka yi masa tambaya da Turanci ya yi shiru, ba a gwada komai ba. Kuma dole mai gwajin ya san karin harshe, Basakkwacen yaro da ya ce "hwari" a maimakon fari ba tsamin baki gare shi ba, wanda ya tashi a Jos ko zangon Kumasi bai raba ƙ da k ba haka ake magana a unguwarsu, Bahaushen da ya musanya p da f a Turanci shi ma lafiyarsa lau. Inda raba ɓ da b ko ɗ da d zai zama dole shi ne wajen rubutun birel, wato rubutun makafi mai ɗigo 6 kacal da ake shafawa da yatsa, wanda Louis Braille ya tsara a Faransa ya fara bugawa a 1829, don a birel ɗin Hausa haruffa masu lanƙwasa suna da nasu alamomin, yaron da kunnensa bai ware sautukan kalma ɗaya bayan ɗaya ba zai sha wuya yatsansa ya karanta su, babu hoto a gefen shafi da zai taimaka masa ya canka.

To wa zai yi duk wannan a wajenmu? A Amurka dokar 1975 ta ilimin yara masu lalura ta sa gyaran magana cikin hidimomin da dole makaranta ta samar in an rubuta shi a tsarin karatun yaro, a Ingila tun 2014 akwai takardar da ke haɗa ilimi da lafiya da kulawar yaro wuri guda. Mu makarantun muna da su tun da daɗewa, ta Gindiri a Filato tun 1953, Pacelli a Legas tun 1962, ga Tudun Maliki a Kano, ga ta Jabi a Abuja, a Ghana akwai Akropong da Wa, Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna yaye malaman ilimi na musamman, dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu lalura kuma an sa mata hannu a Janairun 2019. Amma masu gyaran magana da hukumar MRTB, mai sa ido a kan irin wannan sana'a a Najeriya, ke yi wa rajista 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawanmu, mafi yawansu suna manyan asibitoci da wuraren kuɗi a Legas da Ibadan da Abuja, masu jin Hausa a cikinsu sun fi ƙaranci, kuma horon nasu ya fi karkata ga kurame da masu in'ina da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki. Malamin makafi ya san birel da sanda bai karanci harshe ba, mai gyaran magana ya karanci harshe kayan aikinsa duk hotuna ne da madubi, sai sun zauna tare kowa ya koya wa ɗan'uwansa. Ga shi yaran ba sa zuwa da wuri, wani sai ya kai 9 ko 10 ake kawo shi, shekarun da aka fi buƙatar aikin sun wuce a ɗaki ko a hannun ɗan jagora wajen bara.

Ni a ganina ko da sau ɗaya a wata makaranta za ta iya samun ƙwararre, ɓarna ce a jera masa yara 30 kowa minti 10. Gara ya ware masu tsananin buƙata ya tsara musu abin yi, sauran lokacin ya ba malaman aji da masu dafa abinci da matan da ke kula da ɗakin kwana, don su ne ke tare da yaran wajen wanka da ci da kwanciya inda maganar gaske take, sannan in za a tafi hutu a kira uwa ko yayar da ke rainonsa a nuna mata kofin da soson a ba ta irinsu ta tafi da su, in ba haka ba wata 2 a gida ya isa ya goge aikin zango guda. Kafin duk wannan kuma a gwada jin kowane yaro ranar da aka ɗauke shi, a riƙa maimaitawa duk shekara, kunne mai zubar da ruwa a kai shi asibiti a daina toshe shi da auduga ana cewa zai bari, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan Kaduna, asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Yaro mai gani in jinsa ya ɗan ragu yana cike giɓin da kallon baki, makaho ba shi da wannan, ɗan raguwar da ba wanda zai lura da ita a wajen wani shi tana iya raba shi da rabin darasi, musamman a aji mai rufin kwano da ruwan sama ke duka ko janareta ke ruri a bayan taga.